Gida nawa ya kamata a gina a fili ɗaya? Yadda mazauna birnin Auckland suka rabu biyu

Duk birnin da jama'arsa ke ƙaruwa, wata rana sai ya fuskanci tambaya ɗaya: shin zai ci gaba da bazuwa yana cinye gonaki, ko kuwa zai yarda a yawaita gidaje a cikin unguwannin da ake da su? Birnin Auckland na ƙasar New Zealand na daga cikin wuraren da aka fi kai ruwa rana kan wannan tambaya, har masana tsara birane a wasu ƙasashe suna kafa misali da shi.

Abin da ake jayayya a kansa

Masu tsara birane suna auna cikar unguwa da yawan gidajen da ke cikin kowace hekta. Doka ce take fayyace gida nawa za a gina a fili ɗaya, iyakar tsawon bene, da tazarar da za a bari tsakanin gini da katangar maƙwabci. Idan doka ta ce gida ɗaya tak a kowane fili, to komai yawan masu neman muhalli a unguwar, ba za a ƙara ko ɗaki na haya mai zaman kansa ba sai da izini na musamman.

Auckland na da mutum kimanin miliyan 1.7, wato kusan kashi ɗaya bisa uku na al'ummar ƙasar. Tun tsakiyar ƙarni na 20 burin magidanci a can shi ne ya mallaki gida shi kaɗai a fili mai faɗin rubu'in eka, da lambu a baya. Amma birnin yana kan wata siririyar ƙasa tsakanin mashigin teku biyu, don haka wurin bazuwa ya yi masa kaɗan. A shekarar 2016 matsakaicin kuɗin gida a birnin ya haura dalar New Zealand miliyan ɗaya, abin da ya fi ƙarfin yawancin matasa ma'aikata.

Yadda muhawarar ta taso

A watan Nuwamban 2010 aka haɗe ƙananan hukumomi bakwai da majalisar yankin, suka zama majalisar birni guda. Babban aikin da ya hau kanta shi ne rubuta kundin tsarin gini ɗaya da zai maye gurbin tsofaffin dokoki mabambanta. An fitar da daftarinsa a watan Satumban 2013, jama'a da ƙungiyoyi suka aiko da dubban takardun ra'ayi. Gwamnatin ƙasar ta naɗa kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin mai shari'a David Kirkpatrick domin ya saurari kowa ya ba da shawara.

Rikicin ya kai ƙololuwa a watan Fabrairun 2016, lokacin da masu gidaje a wasu unguwanni suka gano cewa majalisar na shirin ba da damar yawaita gini a layukansu fiye da abin da daftarin farko ya nuna. Suka cika zauren taro, suna cewa an yi musu shigo-shigo ba zurfi, tunda ba a nemi ra'ayinsu kan sauyin ba. Da wakilan matasa suka tashi suna bayanin yadda tsadar gida ta hana su zama a garin da aka haife su, sai wasu daga cikin mahalarta suka yi ta yi musu ihu. A ƙarshe mafi yawan kansiloli suka kaɗa ƙuri'ar janye shirin.

Hujjar kowane ɓangare

Masu adawa, waɗanda ƙungiyar Auckland 2040 ta yi fice a cikinsu, ba su musanta cewa ana ƙarancin gidaje ba. Abin da suka ce shi ne dogon bene zai tare wa maƙwabci hasken rana, wanda abu ne mai daraja a ƙasa mai sanyin hunturu, kuma zai ba baƙo damar leƙen tsakar gidan wani. Sun kawo batun cunkoson motoci, da sare bishiyoyi, da tsofaffin bututun ruwa da magudanan da ba a yi su don ɗaukar jama'a da yawa ba. A unguwanni irin su Ponsonby da Grey Lynn da Devonport kuwa, inda ake da gidajen katako da suka haura shekara ɗari, sun ce rushe su tamkar shafe tarihin birnin ne.

Masu goyon baya, ciki har da ƙungiyar matasa ta Generation Zero, sun ce waɗannan tsofaffin unguwanni su ne mafi kusa da wuraren aiki da tashoshin jirgin ƙasa. Hana gini a cikinsu yana tura mai ƙaramin ƙarfi can bayan gari, inda zai riƙa ɓata sa'o'i da kuɗin mai a hanya. Sun kuma yi nuni da cewa ƙarancin gidaje yana ƙara wa gidan mai gida daraja, don haka wanda ya riga ya mallaka yana da riba a cikin hanin, ko da ba ita ce niyyarsa ba.

Wa ake ji a zauren taro?

A nan ne asalin matsalar take. Wanda za a gina bene kusa da katangarsa ya san ranar taro, yana da adireshi a unguwar, sau da yawa kuma ya yi ritaya yana da lokacin zuwa. Wanda zai zauna a cikin benen idan an gina, bai ma san da maganar ba, domin yana haya a wata unguwa ko yana ɗakin iyayensa. Saboda haka muryar da ta fi tashi a zaure ba lalle ba ne ta zama muryar gari baki ɗaya.

Ba a Auckland kaɗai ake ganin haka ba. Wasu malamai uku na Jami'ar Boston da ke Amurka sun bi diddigin bayanan tarukan tsara gari a garuruwan da ke kewaye da Boston, suka wallafa sakamakon cikin littafi a 2019. Sun gano cewa masu magana a irin waɗannan taruka galibi masu gida ne, sun fi sauran jama'a shekaru, kuma kimanin kashi 15 cikin 100 ne kawai suke goyon bayan sabon ginin da ake tattaunawa a kansa. Irin wannan hali na "a gina, amma ba a bayan gidana ba" shi ne Turawa suke taƙaitawa da kalmar NIMBY.

Hukuncin da aka yanke da abin da ya biyo baya

A watan Yulin 2016 kwamitin mai zaman kansa ya miƙa rahotonsa, inda ya ba da shawarar a buɗe damar gina ƙarin gidaje 422,000 cikin shekara 30, abin da ya zarce wanda kansiloli suka janye. Majalisar ta amince da mafi yawan shawarwarin, kundin ya fara aiki a watan Nuwamban 2016. An sassauta doka a kan kimanin kashi uku bisa huɗu na filayen zama. A wasu unguwanni an yarda da gini mai hawa biyu ko uku har da na ƙasa, a kusa da kasuwanni da manyan hanyoyin sufuri kuma mai hawa biyar zuwa bakwai. An bar yawancin unguwannin tarihi yadda suke.

Izinin gina gidaje da ake bayarwa a shekara ya tashi daga kimanin 10,000 a 2016 zuwa sama da 21,000 a 2022, yawancinsu jerin gidaje ne masu haɗe da bango. Masana tattalin arziki biyu, Ryan Greenaway-McGrevy da Peter Phillips, sun ƙiyasta cewa sauyin dokar shi kaɗai ya haifar da ƙarin izini kusan 22,000 cikin shekara biyar. Wasu masanan sun soki hanyar lissafin, suna cewa sauƙin kuɗin ruwa na banki ya taka rawa. Kuɗin sayen gida dai bai sauko nan take ba, ya ma yi tashin gwauron zabi a 2020 da 2021, amma kuɗin haya a Auckland ya riƙa hawa a hankali fiye da na sauran sassan ƙasar.

Inda aka kwana

A ƙarshen 2021 manyan jam'iyyu biyu, Labour mai mulki da National ta adawa, suka haɗa kai suka yi dokar da ta halatta gida uku masu hawa uku a kan yawancin filaye a manyan birane biyar, ba tare da neman izini na musamman ba. Haɗin kan bai daɗe ba. A watan Satumban 2022 majalisar birnin Christchurch ta ƙi aiwatar da dokar, a watan Mayun 2023 kuma jam'iyyar National ta janye goyon bayanta. Ambaliyar da ta afka wa Auckland a watan Janairun 2023 ta ƙara wa masu ƙorafin magudanan ruwa ƙarfi.

A 2025 majalisar Auckland ta ajiye tsarin gida uku a ko'ina, ta koma ga wani sabon daftari da ke taƙaita gini a wuraren da ruwa ke ci, yana kuma ba da damar dogayen benaye a kewayen tashoshin jirgin ƙasa, musamman waɗanda sabon layin ƙarƙashin ƙasa na tsakiyar birni zai amfana. Da wannan, jayayyar ta tashi daga ko za a yawaita gidaje, ta koma kan unguwar wa za a yi su, kuma wa za a tambaya kafin a yi.