Asabar a Kan Hanya: Tarihin Bin Ƙwallon Jami'o'in Amurka Gari-Gari

A farkon watan Nuwamba na 1899 wani tarago ya tashi daga Sewanee, ɗan ƙaramin gari a kan tsauni a jihar Tennessee ta Amurka. A cikinsa akwai samari kusan 20, da kocinsu, da wani Baƙar fata mai suna Cal Burrows da ke yi musu tausa cikin dare, da kuma gangunan ruwan garinsu, don kada baƙon ruwa ya ɓata musu ciki. Ɗaliban jami'arsu ba su kai 400 ba. Manajan ƙungiyar, wani ɗalibi mai suna Luke Lea, ya rasa wasan da ya saba kawo musu kuɗi bayan sun saɓa da Jami'ar Vanderbilt a kan rabon kuɗin ƙofa, sai ya yanke shawarar a fita nema.

Ranar Alhamis 9 ga wata suka doke Jami'ar Teksas a Austin. Washegari suka doke Texas A&M a Houston. Asabar suna New Orleans suna lallasa Tulane, Lahadi suka huta, Litinin suka ci LSU a Baton Rouge, Talata suka rufe da Ole Miss a Memphis. Wasa biyar cikin kwana shida, tafiyar kilomita wajen 4,000, sun tara maki 91, abokan karawarsu ko ɗaya ba su samu ba. A cikin jirgi suka riƙa barci, jikinsu duk rauni.

Wasan da ake magana ba ƙwallon ƙafar da aka saba gani a filayen Afirka da Turai ba ne. Ɗan'uwan zari-ruga ne, ƙwallonsa mai siffar gwanda, ana rungumarsa a ruga, ana jifa, ana kayar da juna. A jami'o'i aka haife shi. Ranar 6 ga Nuwamba 1869 ɗaliban Princeton suka je New Brunswick a jihar New Jersey suka kara da na Rutgers, mutum 25 kowane ɓangare, 'yan kallo wajen 100, Rutgers ta ci 6 da 4. Wasan farko ke nan tsakanin jami'a da jami'a, kuma tun daga ranar sai wani ya bar garinsa kafin a buga.

Ƙa'idar mako ta daɗe da zama: Juma'a ta makarantun sakandare ce, Lahadi ta ƙwararru, Asabar kuwa ta jami'o'i. Kakar wasa na farawa a ƙarshen Agusta ta ƙare a farkon Disamba, wasa 12, shida ko bakwai a gida. Wato filin da aka kashe wa dukiya mai yawa, kwana bakwai kacal yake cika a shekara.

Duk da haka an gina su manya, har sun fi ƙarfin garuruwansu. Harvard ce ta fara a 1903 da filin siminti da rodi. Wannan gini ma ya sa hannu a dokokin wasan. A 1905 'yan wasa aƙalla 18 suka mutu a filaye, Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa ya ce a gyara. Walter Camp na Yale, wanda ya tsara yawancin dokokin, ya so a ƙara wa filin faɗin mita 12 don cunkoson ya ragu. Simintin Harvard ya riga ya bushe, ba wurin faɗaɗawa. Sai a 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba, abin da ya zama kwalliyar wasan har yau.

Yale ta biyo baya a 1914. Rami aka haƙa, aka tara ƙasar a gefe kamar bakin akushi, aka jera kujeru na mutum 70,000. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya abin ya zama gasa: Ohio a 1922, Nebraska a 1923 don tunawa da 'yan jihar da suka mutu a yaƙin, Michigan a 1927. Fielding Yost, shugaban wasannin Michigan, ya gina wa mutum 72,000 wuri a Ann Arbor, garin da a lokacin bai kai mutum 30,000 ba, ya kuma sa aka yi harsashi mai ƙarfin ɗaukar fiye da 100,000. Wanda ya yi irin wannan gini ba mutanen unguwa yake jira ba, baƙi yake jira. Lissafinsa ya fita. Yau filin na ɗaukar 107,601, kuma a watan Satumba na 2013 mutum 115,109 suka shiga kallon karawa da Notre Dame. A Lincoln kuwa, inda filin Nebraska yake, tun 3 ga Nuwamba 1962 ake sayar da tikitin kowane wasan gida ƙarƙaf, kuma idan filin ya cika yakan fi kowane gari a jihar Nebraska jama'a, in ban da Omaha da Lincoln ɗin kanta.

Jirgin ƙasa ne ya fara kawo waɗannan baƙi. Kamfanonin jirgi sukan ware taragai na musamman ranar wasa, tsofaffin ɗalibai su cika su da tutoci da makaɗa. Ba wadda ta ci moriyar dogo kamar Notre Dame, ƙaramar jami'ar Katolika a jihar Indiana. Manyan jami'o'in yankinta sun ƙi shigar da ita ƙungiyarsu, kuma ƙyamar Katolika na cikin dalilan. Tun da maƙwabta sun rufe ƙofa, sai koci Knute Rockne ya ɗauki yaransa ya nufi nesa: gabas wajen makarantar sojoji ta West Point, yamma har Kalifoniya, inda a 1926 suka fara karawa da jami'ar USC. A 1929, ana cikin ginin filinsu, ko wasa ɗaya ba su buga a harabarsu ba, kuma ba a ci su ko sau ɗaya ba. 'Ya'yan baƙin haure daga Ailan da Italiya da Folan, leburori da 'yan sanda a Niyok da Shikago waɗanda ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba, suka ɗauki ƙungiyar tamkar tasu. Wariya ce ta tura Notre Dame kan hanya, hanyar kuma ta ba ta magoya baya a duk faɗin ƙasar.

A kudu abin ya haɗu da neman mutunci. Yankin ya daɗe cikin talauci da raini tun bayan yaƙin basasa. Da Alabama ta yi kwanaki a jirgi zuwa Pasadena ta doke Washington 20 da 19 a wasan Rose Bowl na ranar 1 ga Janairu 1926, jama'a suka yi ta tarbar jirgin a tashoshin kudu a hanyar dawowa. 'Yan siyasa ba su yi barci ba. A 1934 Sanata Huey Long na Louisiana ya so ɗaliban LSU su raka ƙungiyarsu Nashville. Kamfanin jirgin Illinois Central ya ce kuɗin zuwa da dawowa dala 19 ne. Long ya yi musu barazanar sake ƙiyasta harajin gadojinsu a jihar, kuɗin ya sauko dala 6. Wanda bai da ko hakan, Long ya ranta masa daga hannunsa. Dubbai suka tafi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mota ta karɓi ragama, musamman da dokar manyan tituna ta 1956. Mota ta zo da wata al'ada da jirgi bai iya bayarwa ba. Mutum ya iso da sassafe, ya faka, ya sauke murfin bayan a-kori-kurarsa ya mai da shi tebur, ya hura gawayi. Da sunan wannan murfi ma Amurkawa ke kiran al'adar. A Baton Rouge manyan tukwane ake ɗorawa na shinkafa dafa-duka da suke kira jambalaya, kuma baƙo, ko da rigar abokan hamayya ya sa, sai an tsokane shi tukuna sannan a miƙa masa faranti. Giya da naman alade suna da yawa a waɗannan wurare, Musulmin da ya je sai ya riƙa tambaya kafin ya kai loma.

Inda al'adar ta fi ƙawa shi ne Grove, wani fili mai eka 10 na manyan itatuwa a tsakiyar Jami'ar Mississippi da ke Oxford. Da motoci ake shiga da su har 1991, lokacin da aka hana. Yanzu da yammacin Juma'a ake sakin mutane su ruga kama wuri, kafin gari ya waye rumfuna ja da shuɗi sun rufe ciyawa. A ƙarƙashin rumfa za a ga tebur da farin mayafi, da furanni, da tiren soyayyar kaza, wani lokaci har da fitilar ƙarau irin ta falon attajirai an rataye a sandar rumfa. Samari da kwat da laktaye, 'yan mata da kwalliya kamar masu zuwa ɗaurin aure, kaka tana zuba wa jikanta abinci a daidai gindin bishiyar da iyayenta suka saba zama. Saura kamar awa biyu a fara, sai a buɗe hanya a tsakiya, 'yan wasa su ratsa cikin jama'a ana miƙa musu hannu, al'adar da koci Billy Brewer ya fara a 1983. A Knoxville kuwa ta ruwa ake zuwa. A 1962 mai sharhin rediyo George Mooney ya gaji da cunkoson titi, ya shigo ta kogin Tennessee da ɗan kwalekwalensa ya ɗaure a gindin filin Neyland na Jami'ar Tennessee. Yau jiragen ruwa bila adadin ke kwana a wurin.

Akwai waɗanda ba su tsaya a wasan gida ba. Sukan sayi mota mai ɗaki da kicin su bi ƙungiya duk inda ta sa gaba, daga Laraba ko Alhamis sun kama hanya. Ɗan jarida Warren St. John ya sayi irin wannan mota ya bi ayarin magoya bayan Alabama a kakar 1999, kuma a littafin da ya fitar a 2004 ya ba da labarin wasu ma'aurata da suka ƙi halartar ɗaurin auren 'yarsu saboda ya faɗo ranar wasa da Tennessee. Abin ya wuce misali, amma ya nuna inda wasan ya zauna a zukatan mutanen.

Sai dai wannan hanya ba kowa aka buɗe wa ba, kuma tarihin da ya tsallake wannan bai cika ba. Shekaru da dama jami'o'in arewa kan ajiye 'yan wasansu Baƙar fata a gida idan za su kara da na kudu. Ɗan kallo Baƙar fata, in ma an bar shi ya shiga, lungu ake ware masa, kuma a hanya ba kowane masauki ko gidan abinci ke karɓarsa ba. Jack Trice, Baƙar fata na farko a ƙungiyar Iowa State, ya je Minneapolis wasa ranar 6 ga Oktoba 1923. Tun farkon wasa ƙashin wuyansa ya karye, ya ci gaba, daga baya aka tattake shi. A kwance aka mayar da shi Ames cikin jirgin ƙasa, ya rasu bayan kwana biyu yana da shekara 21. Har yau ana taƙaddama ko da gangan aka yi. Sai a 1997, bayan ɗalibai sun shafe shekaru suna matsa lamba, aka sa wa filin jami'ar sunansa.

Baƙaƙen fata suka gina tasu hanyar. Tun 27 ga Disamba 1892 kwalejojin Biddle da Livingstone suka kara cikin dusar ƙanƙara a North Carolina. Eddie Robinson ya horar da Grambling daga 1941 zuwa 1997, ya ci wasa 408. Tun 1974 Grambling da Southern ke haɗuwa a New Orleans a ƙarshen Nuwamba, iyalai su taho daga jihohi masu nisa, kuma gasar makaɗan badujala ta makarantun biyu na jan jama'a kamar wasan kansa. Alabama kuwa ba ta sa Baƙar fata a fili ba sai 1971, shekara guda bayan USC ta zo Birmingham da ɗan wasanta Baƙar fata Sam Cunningham ta doke ta 42 da 21.

Jirgin sama ya rage nisa, ya kuma kawo nasa makokin. Rockne a hatsarin jirgi ya mutu a Kansas a 1931. Ranar 14 ga Nuwamba 1970 jirgin da ke dawo da ƙungiyar Marshall ya faɗi dab da sauka a West Virginia, mutum 75 suka rasu, har da likitoci da 'yan kasuwar garin Huntington da suka raka yaransu kallo.

Talabijin ne ya sake zana taswirar. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta karɓe ikon cinikin nuna wasanni daga hannun hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, jami'o'i da ƙungiyoyinsu suka shiga ciniki da kansu. Da farko kyamara bin mutane ta yi: tun Nuwamba 1993 shirin College GameDay na gidan talabijin ESPN ke kafa dandali a harabar jami'a, ɗalibai na ihu a bayansa. Sannu a hankali mutane suka koma bin kyamara. Gidan talabijin ke sa lokacin wasa, sau da yawa saura kwana 12 ko ma shida, alhali mai tafiya ya riga ya biya masauki. Ƙungiyoyin da aka kafa bisa maƙwabtaka, yadda mutum zai tuƙa mota ya je ya dawo, suka wargaje saboda kuɗin kwangila. Wanda aka fi cuta shi ne mai a-kori-kura da gawayinsa, wanda kakanninsa suka cika filayen tun ba kyamara.

A 2024 USC da UCLA da Oregon da Washington suka bar ƙungiyarsu ta gaɓar yamma suka shiga ƙungiyar Big Ten. A ƙarshen Satumba na shekarar 'yan wasan Washington suka tashi daga Seattle, suka keta ƙasar daga teku zuwa teku, kusan nisan da samarin Sewanee suka yi a kwana shida, don wasa ɗaya da Rutgers. An buga shi daren Juma'a 27 ga wata, lokacin da gidan talabijin ya zaɓa, a Piscataway, tsallaken kogin Raritan daga inda mutum 100 suka tsaya kallo a 1869. Rutgers ta ci 21 da 18, baƙin suka nufi filin jirgi.