Argungu Bayan An Watse Biki

Duniya ta san Argungu da ranar da dubban masunta ke afka wa Matan Fada da homa da gora. Ni da aka yanke wa cibiya a garin, sauran ranakun shekara ne suka fi jan hankalina.

Bikin ya samo asali ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka binne gabar da ta haura shekara ɗari tsakanin Kabawa da Sakkwato. Marubuta tarihi a ƙofar fada sukan tsaya. Kakata kuwa ba ta auna zaman lafiya da gaisuwar sarakuna. A wurinta, lafiya ita ce maigida ya yi sammakon fadama ya dawo da dammen shinkafa, uwargida ta surfa a turmi, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka da bandar tarwaɗa. In kaka ta yi, samari su sha ɗamara, a fita fagen kokawa, wanda ya sha ƙasa ya kwana ana yi masa ba'a.

Tsohuwar fadar garin ta zama gidan tarihi na Kanta a 1958. Akwai masu da takubba da kwari da baka a ciki, na gan su. Turmin kakata, gara ce ta cinye shi a bayan ɗaki.