Ƙofofin Landan da Ƙofarmu ta Kuyambana

Kullum da safe 'yan makaranta sukan ratsa Ƙofar Kuyambana da littattafai a hammata, amma ba safai wani yakan ɗaga kai ya dube ta ba. Su ɗin nan kuwa, in muka ambaci birnin Landan a aji, sai ka ga idanu sun buɗe. To, bari mu kai ku can, sa'an nan mu komo gida.

Mutanenmu sun daɗe da sanin hanyar Landan. A 1855 wani yaro Bahaushe, Dorugu, ya isa can tare da Barth, Baturen nan matafiyi da ake kira Abdulkarim. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je a 1921. A 1934 Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero suka tafi tare. Daga nan Zariya kuma Malam Abubakar Imam ya je a 1943 cikin ƙungiyar editocin jaridun Afirka ta Yamma, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Me baƙo yakan gani a can? Da fari akwai Hasumiyar Landan a bakin kogin Temis. Sarki Wiliyam, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya kafa ta wajen 1078, da dutse, tsayinta ƙafa 90. Ta yi zaman fada, ta yi zaman kurkuku, yanzu kuwa a cikinta ake ajiye kayan sarauta. Sai babbar majami'ar Wesminista, inda ake naɗa sarakunansu tun 1066. Ginin da ke tsaye yau an fara shi a 1245. Akwai kuma majami'ar Sen Pol, wadda gwanin magini Kiristofa Ren ya sāke ginawa bayan gobarar 1666, aka gama a 1710.

Amma ga abin da muka fi so ku riƙe. Landan ma birni ne mai ganuwa kamar namu. Rumawa suka kewaye shi da garu wajen shekara ta 200, tsawonsa kamar mil 2. Da gari ya cika, kekunan doki suka yi yawa, sai masu gari suka ce ƙofofin sun matse hanya. Daga 1760 aka shiga rushe su ɗaya bayan ɗaya. Yau in ka je Aldiget ko Ludiget, suna kaɗai za ka tarar a jikin titi, ƙofa babu. 'Yan guntayen garun da suka tsira kuwa, su ake lallaɓawa kamar ƙwai, baƙi na zuwa kallo.

To, mu fa? Muna da ganuwar da kakanni ke dangantawa da Amina. Muna da Ƙofar Doka, da ta Gayan, da ta Kona, da ta Tukur-Tukur, da wannan tamu. Muna da Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, watau tsakanin 1834 da 1846. Bambancin shi ne, nasu dutse ne, namu ƙasa. Dutse yakan jure sakaci na ƙarni guda, amma ginin ƙasa in an hana shi yaɓe, damina kaɗan ta ishe shi. Balle ga masu haƙar jikin ganuwa suna yin tubali, ga masu kafa gida a kanta.

Saboda haka, ya ku manyan gobe, kada ku jira sai kun haye teku kafin ku san darajar tsohon gini. Ku tafi wurin dattawan unguwa, ku tambaye su yadda ƙofar nan take a zamanin ƙuruciyarsu, ku rubuta abin da kuka ji, ku kawo wa malamanku. In kun ga mai jaki yana ɗibar ƙasar ganuwa, ku gaishe shi da ladabi, ku ba shi labarin Aldiget. Da ma Hausawa sun ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.