Gaisuwa ita ce mabuɗin ƙofa

Yau za mu ba ka labarin Agadas da baƙinta.

Agadas tsohon gari ne. Tun wajen shekarar 1515 aka gina masallacinta mai doguwar hasumiya. Ayari yana zuwa daga Bilma da gishiri, wani daga Kano da tufafi, wani daga ƙasashen Larabawa. Kowa da harshensa. To, da yaya ake ciniki? Da gaisuwa ake farawa. Bahaushe ya koyi "tanemmert", wato na gode da harshen Buzaye. Ya gane kuma cewa in Buzu ya ja amawali ya rufe baki a gaban surukinsa, kunya ce da ladabi.

Cikin watan Oktoba na 1850 wani Bajamushe mai suna Barth ya sauka Agadas. Ya sa wa kansa suna Abdulkarim. Tun a hanya ya koyi Hausa. Ya je fada da kyauta, ya gai da Sarki Abdulƙadiri yadda ya kamata. Aka karɓe shi, ya fita garin lafiya.

Kafin shi akwai Hasan al-Wazzan. An haife shi a Garnada, ƙasar Spain, ya girma a Fas. A 1518 ƴan fashin teku suka kama shi, aka kai shi Roma. Can ya koyi harshen mutanen, har ya rubuta littafi a 1526 mai ɗauke da labarin Agadas. Iliminsa da harshensa suka cece shi.

Musulmi sun yi mulki a Spain daga 711 zuwa 1492. Shi ya sa Larabci ya bar sawu a harshensu. In suna fatan alheri sai su ce "ojalá", ana faɗinsa "ohala". Asalinsa "in Allah ya so" ne.

Ga wasu kalmominsu na ladabi. "Gracias", na gode. "Por favor", don Allah. "Perdón", gafara dai. "Buenos días", ina kwana. Aboki ana ce masa "tú". Babba kuwa sai "usted", kamar yadda kake ce wa dattijo "ku". Wanda ya haɗa biyun nan, za a ce ba shi da tarbiyya.

Yaranmu da yawa suna tafiya nesa neman abinci. Wanda bai iya gaisuwar mutane ba, ko ruwa yana wuyar samu. In ɗanka zai tafi, sa shi ya rubuta kalmomi huɗu na ƙasar: gaisuwa, godiya, roƙo, neman gafara. Kai ma da ka iya karatu yanzu, ɗauki alƙalami. Tambayi maƙwabcinka Buzu ko Bafillace gaisuwarsu, ka rubuta, ka kawo aji mu karanta tare.