Jibda, Wardi da Sukari: Tarihin Ƙamshin Rigar Namiji

A shekarar 1824 wani Bature ɗan Sikotlan mai suna Hugh Clapperton ya shiga gidan Atiku ɗan Shehu Usmanu a Sakkwato, zamanin da wansa Muhammadu Bello ke sarautar Sarkin Musulmi. Cikin abubuwan da ya rubuta har da kiwon magen juda. Ya ce Atiku na da guda 200, ko da yake biyu kawai aka nuna masa, kowace a kejinta na itace, masu faɗa ƙwarai, ana ciyar da su da dunƙulen dawa da busasshen kifi. Sai a tsallake rana ɗaya, washegari da safe a matse dabbar a lungun keji, a danne mata kai da sanda, a kankaro jibdar da ta taru a wata jaka da ke ƙarƙashin bindinta. Mai wannan kiwo shi ne ya hau gadon sarauta a 1837, kuma da tsanani tarihi ya san shi.

Sana'ata ce ta sa na tono wannan labari. Turaren wuta da humra nake haɗawa a Fagge, abin da na gada wurin kakata ta wajen uwa, mutuniyar Barno. Mata ne yawancin masu sayayya a wurina, amma tun da na fara ajiye madarar turare ta ɗuri samari suka gane ƙofar. Yaro zai shinshina bayan hannunsa, ya lumshe ido, kana gani ka san abin ya yi masa, sai kuma ya yi turus.

"Hajiya, wannan bai yi zaƙi da yawa ba? Kada a ce na shafa na mata."

"Ɗana, wa ya raba maka ƙamshi gida biyu?"

Ba ya da amsa, domin a jikin kwalin turare ya ga wannan rabon.

Kakata tana da ɗanyar jibda a wata 'yar batta, ba ta barin kowa ya buɗe. Wanda bai sani ba zai rantse ɓata ta yi: launin ƙasa-ƙasa, mai danƙo, ga ɗoyi mai hawa kai. Amma a lakato ɗan kan tsinke a narka cikin man sandal, sai ɗoyin ya kwanta, wani ɗumi mai zaƙi ya taso, kuma turaren ya kama tufafi ya yi kwanaki bai tashi ba. Daddawar turare ke nan: ita kaɗai ba ta shinshinuwa, tukunya kuma ba ta yin daɗi sai da ita. Masu haɗa turare na Faransa sun daɗe suna sayenta daga Habasha a cikin ƙahon shanu don wannan amfani, kafin a iya haɗa kwatankwacinta a ɗakin bincike.

Da wani Baturen, Heinrich Barth, wanda a nan aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya bi kayan da ayari ke shigowa da su daga Tarabulus ya ƙiyasta kuɗinsu. Kayan hayaƙi da na yaji, irin su jawi da kanumfari da wata saiwa mai ƙamshi da ake tonowa a duwatsun Turai, ya sa su a wuri miliyan 15 a shekara. Man wardi shi kaɗai ya sa shi a miliyan 40. Don a gane girman abin, tufafin da Kano ke fitarwa, wanda shi ne ƙashin bayan arzikinta, a miliyan 300 ya ƙiyasta shi. Ya kuma lura cewa kaɗan ne daga man wardin ke zuwa Kasuwar Kurmi. Kusan dukansa a cikin gida ake cinikinsa da sarakuna da manyan gari, ko a kai musu gaisuwa da shi. To, wardi fure ne. Babu ƙamshin da ya fi shi taushi, kuma a rawani da alkyabba da gemun hakimai yake ƙarewa. Jawin nan kuwa, wanda mu a wurin haɗi muke cewa hawi, ƙaron wani ice ne na tsibirin Sumatra, kuma in ya hau garwashi zaƙi yake fitarwa.

Addini ya ba wa wannan ɗabi'a gindin zama. Shafa turare ranar Juma'a da ranar Idi sunna ce ga namiji, ba a son a mayar da kyautar turare, kuma barinsa na cikin abin da mai harami ke haƙuri da shi har ya sauke. Rabon da malamai ke karantarwa tsakanin na maza da na mata bai shafi zaƙi ko ɗaci ba. Magana ce ta tashi: na namiji ya bayyana a ji shi a sahu, na mace ya tsaya a ɗakinta kada ya bi ta titi. Shi ya sa a garin nan namiji ne ke da izinin ya wuce ya bar ƙamshi a lungu.

Sai aka shiga zamanin kwalba. Wani wakilin kamfanin W.J. Bush na Landan, Eric Burgess, ya je Sudan a 1919, aka ba shi samfurin mayukan da mutanen can ke so, ya koma da su gida aka haɗa Bint el Sudan, wato Bintu Sudan, a 1920. Dabarar da ta sa ya karɓu ita ce mai ne zalla babu giya a ciki, don haka ba mai shakkar yin salla da shi. Alhazan ƙafa da ke ratsa Chadi da Sudan sun taimaka wajen yaɗa shi, har ya zama a Kano ake ɗura shi, a kamfanin Gongoni. Kamfanin Bush ya narke cikin wani a 1966, wani na Amurka mai suna IFF ya saye su a 2000, amma Bintu Sudan na nan da 'yar kwalbarta. Ku duba abin da kyau. Sunan mace ne da shi, hoton budurwa ne a jikinsa, ƙamshinsa na furanni da miski ne mai kauri. Duk da haka na tashi na ga dattawan unguwarmu, har da limamin masallacinmu, suna ɗiga shi a tafin hannu su murza a gemu da wuyan riga kafin su fita Juma'a. Shi da Ɗan Goma da Ɗan Duwala ne ke kan teburin mai turare, kuma ban taɓa jin mai tebur ya tambayi wani ko na maigida zai saya ko na uwargida ba.

Wannan duk na kwalba ne. Ainihin ƙamshin magidanci kuwa daga kaskon matarsa yake fitowa, kuma a nan ne nake da bakin magana. Ga yadda ake turaren wuta tun zamanin kakata. A daddatsa icen sandal a jiƙa shi da madarar turare. A kawo farce, wato murfin bakin wani dodon koɗi na Bahar Maliya, a jiƙa, a kankare naman da ya maƙale, a soya har ƙarninsa ya fita, a daka. Sannan a ɗora tukunya a narka sukari da ɗan ruwa da lemun tsami har ya yi danƙo, a juye itacen a ciki a yi ta juyawa, a barbaɗa hawi da garin farce da kajiji, a ɗura a kwalba a toshe, a manta da shi ya tsumu. Sukari fa, ba kaɗan ba. Shi ke riƙe man a jikin icen, shi ke sa ya ci wuta a hankali. Daren Alhamis mace za ta kifa kabbasa a kan kasko, ta baza babbar riga da 'yar ciki da hula, hayaƙi ya ratsa zare. Duk wani Alhaji da ya taɓa wucewa ka ce kai, wannan mutum akwai ƙamshi, ƙonannen sukari ka shaƙa tare da sandal.

Maganar cewa zaƙi na mata ne, da turaren fesawa ta shigo. Ma'aikata da 'yan boko na shekarun 1970 da 1980 sun rungumi irin su Brut, daga baya Drakkar Noir na 1982 da Cool Water na 1988, masu ƙamshin sabulun aski da lemun tsami da ganye, kowanne an rubuta a kwalinsa cewa na maza ne. Yayana da ke aikin banki a lokacin ya hana matarsa turara masa kwat, wai kada a ce yana warin ƙauye a ofis. Abin dariyar shi ne su masu kwalin ba su daɗe a kan ra'ayinsu ba. Joop! Homme ya fito a 1989, ruwansa ja-ja, zaƙi kamar me. A 1992 Thierry Mugler ya fitar da Angel na mata, da wani sinadari mai ƙamshin narkakken sukari, Turai ta ɗauka sabon abu ne, bayan shekara 4 ya yi wa maza nasu. Le Male na 1995 banila ce ta cika shi, 1 Million na 2008 kuma kirfa da zaƙi. Yanzu kamfanonin Dubai sun karɓe kasuwar samarinmu, kuma Khamrah na Lattafa da ya fito a 2022, mai dabino da kirfa, ya shiga aljihun ɗan adaidaita da na ɗan jami'a. Yaron da ke tsoron madarata shi ne zai fesa wannan ba fargaba, don an ce daga waje ya zo.

To, mata suna so? Ina jin hirarsu kullum a kan tabarmata, kuma bakinsu bai taɓa zama ɗaya ba. 'Yan mata da yawa suna son mai zaƙin, suna cewa yana da sanyi. Sa'o'ina sun fi son sandal da icen ud, wata ma ta ce ita ba ta auri kanti ba da miji zai riƙa shigo mata yana ƙamshin alawa. Inda duk suka haɗu shi ne yawa da kuma lokaci. Mai zaƙi na hunturu ne, sa'ad da iska ta bushe. A watan Afrilu, rana na dukan kwano, in ya gauraya da gumi a rigar da ta kwana biyu ba wanki, tashin zuciya yake sawa, kuma yarinyar da aka je zance wurinta ba za ta faɗa ba, sai dai ta ja kujerarta baya ta ce sauro ne. Masu zuwa da 'yar takarda daga wurin malam, a ba su Bintu Sudan za a haɗa musu farin jini, ina sayar musu, kuɗinsu ne. Amma ban taɓa ganin laya ta gyara hammatar da ba ta ga sabulu ba.

Matan aure kuwa lissafinsu daban ne, domin su ba tambayarsu ake yi ba, su ke zaɓa. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, kowace da haɗinta, kuma sirri ne. Ranar girkinki maigida zai shigo da rigar da aka turara a ɗakin da ya baro, ke kuma kin riga kin tanadi wata a kan kabbasa, kafin ya zauna kin miƙa masa. Ba a cewa komai, shi ma ya san dalili. In kuwa hanci ya ɗauko abin da ba na ɗakin kowa ba, ranar kishiyoyi ke shiri.

"Alhaji, wannan ƙamshin ba na gidan nan ba ne."

"A masallaci wani ya shafa mini."

Wani lokacin ma gaskiyarsa ce, tunda har yau akwai masu zagaya sahu da 'yar kwalba suna ɗiga wa mutane a hannu.

Saboda wannan nake da littafi. Duk matar da na yi wa haɗi na musamman ina rubuta ma'auninsa da sunanta, kuma ba na maimaita shi ga wata a unguwarsu. Kwanakin baya wata amarya ta zo da hular mijinta a cikin leda, ta ce in shinshina in yi mata irinsa sak, ko nawa ne za ta biya. Ina kai hular hanci na gane aikina ne, na kuma san shafin da yake, domin uwargidanta ta daɗe tana saye a wurina. Na ce mata, ƙanwata, wannan icen ya yanke a kasuwa. Na haɗa mata wani, na rage hawi na ƙara kajiji, na buɗe mata nata shafin.