Tarihin Fashewar Tayar Jirgin Sama Yayin Tashi

Babu lokacin da tayar jirgin fasinja take shan wahala kamar daƙiƙun ƙarshe kafin tashi. A lokacin jirgi ya fi nauyi, tankunansa cike da mai, gudunsa a ƙasa yakan haura kilomita 250 a awa, iskar da ke cikin tayar kuma matsinta ya ninka na tayar mota kusan sau shida. Idan ta fashe a wannan hali, matuƙi yana da zaɓi biyu kacal: ya taka burki ko ya tashi. Kafin kowace tafiya ana lissafa wani ma'aunin gudu mai suna V1, wanda idan jirgi ya wuce shi, ragowar titin ba lallai ya isa a tsaya ba. Abin da tarihi ya koya wa matuƙa, bayan asarar rayuka masu yawa, shi ne cewa a babban gudu tashi ya fi tsayawa aminci, ko da zuciya tana cewa a tsaya.

Dalilin a fili yake. Jirgin da ya rasa taya ya rasa wani kaso na burkinsa, alhali an yi lissafin tsayawar ne bisa cewa tayoyi duka lafiya suke. A ranar 1 ga Maris 1978, tayoyin wani jirgin DC-10 na kamfanin Continental suka fashe a Los Anjalis dab da V1. Matuƙin ya taka burki a jiƙaƙƙen titi, jirgin ya zarce ƙarshensa ya kama wuta. A ranar 13 ga Satumba 1982 a Malaga ta ƙasar Sifen, wani DC-10 na Spantax ya fara jijjiga saboda bayan tayar gaba ya saɓule. Matuƙin ya fasa tashi bayan ya wuce V1, jirgin ya tsallaka babbar hanyar mota, mutum 50 suka mutu, alhali injinansa ƙalau suke. Irin waɗannan haɗurra ne suka sa hukumar jiragen sama ta Amurka da masu ƙera jirage suka fitar da kundin horo a 1992. Tsarin da ake koyarwa yau shi ne: ƙasa da gudun kusan kilomita 150 a awa, ana tsayawa saboda taya, sama da haka har zuwa V1, sai don wuta, mutuwar inji, ko alamar cewa jirgin ba zai iya tashi ba.

Mai musu zai kawo hujja mai nauyi, kuma hujjar tana da ciwo musamman a Arewacin Nijeriya. A ranar 11 ga Yuli 1991, wani DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka yi hayarsa yana jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato ɗauke da fasinja 247 da ma'aikata 14. Tayoyi biyu na ɓangaren hagu suka fashe yana gudu a titi, matuƙan suka ji ƙarar, suka ci gaba, kuma babu wanda ya tsira. Ashe ke nan tashin ne ya kashe su? Binciken ya nuna abin da ya fi haka sarƙaƙiya. Ƙarafan ƙafafun sun yi ta gogar kwalta har ragowar robar ta kama wuta, matuƙan kuwa ba su da na'urar da za ta gaya musu. Da suka naɗe tayoyin kamar yadda aka saba, sai suka shigar da wutar cikin jirgin da hannunsu, kusa da bututun mai da wayoyi. Wutar ta cinye bututun da ke sarrafa jirgin, ta ƙone daben da fasinjoji ke zaune a kai, jirgin ya faɗi saura kusan kilomita 3 ya isa titi. Shi ya sa ake koya wa matuƙi cewa idan yana zargin taya ta fashe, ya bar ƙafafun a waje iska ta sanyaya su, ya sanar da hasumiya a duba titi, sannan ya shirya sauka a tsanake. Wani misalin da mai musu zai kawo shi ne jirgin Concorde da ya faɗi kusa da Faris a ranar 25 ga Yuli 2000, inda mutum 113 suka rasu: wani guntun ƙarfe da ya faɗo daga wani jirgi ne ya yanka tayar bayan an wuce V1, ɓarin roba mai nauyin sama da kilo 4 ya doki ƙasan fiffike, tankin mai ya fashe. Amma masu bincike na Faransa sun ce da an taka burki a wannan gudun, da jirgin ya zarce titi yana ci da wuta.

A ganina, haɗarin Jidda bai rushe ƙa'idar ba, iyakarta ya nuna. Ƙa'idar tana taimakon matuƙin da aka ba jirgi lafiyayye, ba za ta gyara sakacin da aka yi a ƙasa ba. Kwanaki kafin haɗarin an san wasu tayoyin jirgin ba su da isasshiyar iska, an kuma sauya alƙaluman da ke takardar gyara. A safiyar ranar makaniki ya nemi iskar naitirojin ya ƙara, ba a samu nan take ba, jami'in da ke kula da jigilar ya ce a tafi don kada a makara. Ita naitirojin ɗin ma wani haɗari ne ya wajabta ta: a 1986 tayar wani Boeing 727 na Mexicana da aka cika da iska ta yau da kullum ta yi bindiga a cikin ma'ajinta saboda zafin burki, mutum 167 suka mutu. Abin da ya sa ƙarancin iska yake da mugun haɗari shi ne ido ba ya ganinsa, domin tayar da ke gefe ce take ɗauke nauyin, tana lanƙwasa tana zafi har ta riga mai laifin fashewa, kamar yadda ya faru a Jidda. Don haka ne ake auna tayoyi da ma'auni kullum suna sanyi, jirage da yawa na zamani suna nuna wa matuƙi matsin kowace taya a allonsa, kuma idan aka sami wadda iskarta ta yi ƙasa sosai, ana cire ta tare da abokiyar zamanta.