Kujerar Kakaki da Tsige Balarabe Musa: Sake Duba Rawar Mamman Ɗanmusa

Tun bayan rasuwar tsohon gwamnan Jihar Kaduna, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, a watan Nuwamba na 2020, tsohon bayanin nan game da tsige shi ya sake samun kasuwa a rubuce-rubuce da tarukan tunawa. Bayanin yana cewa abin da ya faru a Kaduna ranar 23 ga Yuni, 1981 ramuwar gayya ce ta masu sarauta da 'yan kasuwar jam'iyyar NPN a kan gwamnan talakawa, kuma Kakakin Majalisa, Mamman Abubakar Ɗanmusa, ɗan aike ne kawai da aka ba saƙo ya isar. Wannan fahimta ta samo tushe daga mazhabar tarihi ta Zariya, wadda jagoranta, Dokta Yusufu Bala Usman, shi ne sakataren gwamnatin da aka kayar. Ina girmama wannan mazhaba, kuma ba na musun cewa akwai rikicin aji a cikin lamarin. Abin da nake ja a kai shi ne mayar da Kakakin ɗan aike, domin hakan yana ɓoye tambayar da ta fi muhimmanci: ta yaya ɗan majalisa daga wani ƙaramin gari a gefen dajin Rugu ya sami ikon da ya kai ga sauke gwamnan da jiha guda ta zaɓa?

Asalin labarin sananne ne. Katsina tana cikin Jihar Kaduna har zuwa 1987. An yi zaɓen majalisar jiha ranar 21 ga Yuli, 1979, NPN ta kwashe mafi yawan kujeru 99, bayan mako guda kuma Balarabe na PRP ya kayar da Lawal Kaita na NPN a zaɓen gwamna. Majalisa ta yi ta watsi da sunayen kwamishinoninsa har ya bar mulki ba shi da ko ɗaya.

Masu wancan ra'ayi suna da hujja mai ƙarfi, kuma ƙarfinta ya fi bayyana a ƙasar da Kakakin ya fito. Batsari, Safana da Ɗanmusa, waɗanda a yau mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, ƙasar noma ce da kiwo, ƙarƙashin hakimai irin su Sarkin Ruma da Yariman Katsina. A irin wannan wuri, a wancan zamani, haraji da jangali su ne igiyar da ta ɗaure talaka da sarauta. Mai unguwa ya san kowane magidanci da ya isa biya, dagaci yana riƙe da rasit, kuma idan lokacin ƙidayar shanu ya zo, ardo ne ke tsaye tsakanin makiyayi da hakimi, wasu kuma su kora garke cikin daji har a gama ƙirga. Da Balarabe ya soke haraji da jangali a farkon mulkinsa, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano, ya kuma kafa hukumar binciken filaye, ya taɓa abincin mutane da martabarsu a lokaci guda. Saboda haka, in ji su, duk ɗan majalisar NPN daga yammacin Katsina yana da iyayen gidan da ransu ya ɓaci, kuma ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane wanda ya aike shi.

Na yarda da rabin wannan. Ɓacin rai yana bayyana dalilin da ya sa aka so a tsige gwamnan, amma bai bayyana yadda aka iya ba. A Kano ma an soke haraji, an kuma yi takun-saƙa da fada har ta kai ga tarzomar Yulin 1981 da ta ci ran Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara, amma Rimi bai sauka ta hanyar majalisa ba, domin majalisar ta jam'iyyarsa ce. Za a ce to ai wannan lissafin kujeru ne. Haka ne, sai dai kujeru ba sa tsige kowa sai doka ta shimfiɗa musu hanya, kuma a nan ne ya kamata a buɗe sashe na 170 na Tsarin Mulkin 1979 a karanta shi a tsanake.

Sashen ya ce kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa za su sa hannu a takardar zargi su miƙa wa Kakaki. Kashi biyu cikin uku, wato 66 a majalisar Kaduna, za su amince a yi bincike. Daga nan Kakaki ne da kansa zai zaɓo mutum bakwai da yake ganin masu gaskiya ne, majalisa ta amince da su, su binciki gwamna. Ma'anar babban laifin da ake tsigewa a kansa an bar ta ga ra'ayin majalisar. Ƙaramin sashe na 10 kuma ya rufe ƙofar kotu. Idan aka haɗa waɗannan, za a ga cewa mutum ɗaya ne ke karɓar ƙara, shi ke zaɓen masu sauraronta, shi ke jagorantar zaman da zai yanke hukunci, kuma babu alƙalin da zai duba aikinsa. Da Balarabe ya garzaya kotu, amsar da ya samu a shari'ar da aka sani da sunan Balarabe Musa da Auta Hamza ita ce kotu ba ta da hurumi. Da wuya, a ganina, a kira mai riƙe da irin wannan kujera ɗan aike, ko da kuwa akwai masu yi masa raɗa a kunne.

Su wa suka gina kujerar? Lauyoyi da sojoji. Kwamitin mutum 49 da Cif Rotimi Williams ya shugabanta ne ya tsara daftarin, Majalisar Tsarin Mulki ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma ta tattauna shi, gwamnatin Janar Obasanjo ta zartar da shi da dokar soja. An aro tsarin shugaban ƙasa daga Amurka, amma aka bar wani abu a can: majalisun jihohin Amurka kusan duka zaure biyu ne, ɗaya ya yi zargi ɗaya ya yi shari'a, namu kuwa zaure ɗaya ne. Abin lura ne cewa Bala Usman yana cikin wancan kwamiti, kuma shi da Segun Osoba sun ƙi sa hannu, suka rubuta nasu rahoton a 1976. Wato jagoran mazhabar ya ɗauki rubutun doka da muhimmanci fiye da yadda wasu almajiransa suke ɗauka a yau.

Akwai martanin da ya fi wannan nauyi, kuma dole in tsaya a kansa. Za a ce ai Tsarin Mulkin 1999 ya gyara wannan ɓaraka, sashe na 188 ya mayar da naɗa mutum bakwai ɗin hannun Babban Jojin jiha, amma duk da haka a 2006 aka tsige Rashidi Ladoja a Oyo, Peter Obi a Anambra da Joshua Dariye a Filato, ta hanyoyin da suka fi na Kaduna muni. Ashe ke nan rubutun doka ba shi ne matsalar ba, masu ƙarfi ne ke yin abin da suka ga dama ko me aka rubuta.

Wannan martani ya tilasta mini rage faɗin da'awata, amma bai rushe ta ba. Gwamnonin nan uku duk kotu ta mayar da su kujerunsu. A shari'ar Ladoja, inda 'yan majalisa 18 cikin 32 suka zauna a otal a Ibadan, Kotun Ƙoli ta yanke a watan Disamban 2006 cewa rufe ƙofar kotu ba ya aiki sai an bi matakan da sashen ya gindaya. Balarabe bai sami ko wannan damar ba. To amma gaskiya ita ce hukuncin Ladoja ya tsaya ne a kan bin matakai, bai shiga batun ko laifin ya kai a tsige ba. Majalisar da ke da adadin da ake buƙata, wadda kuma ta kiyaye kwanaki da ƙa'idoji, tana iya tsallake wannan gwaji. Don haka ba zan ce da dokar yau ce Balarabe zai tsira ba. Abin da hujja za ta iya ɗauka bai wuce wannan ba: a 1981 zaɓen masu bincike yana hannun shugaban ɓangaren da ke ƙara, kuma masu tsara dokar 1999 sun ga hakan aibi ne har suka cire shi. Cirewar shaida ce cewa kujerar tana da nauyin kanta.

Ina ganin abin da ke sa a ƙi ganin wannan nauyi shi ne wata tsohuwar ɗabi'a ta rubutun tarihin Katsina, inda birni da fada suke aikatawa, ƙauye kuma a aikata masa. Ana tuna yammacin Katsina da mayaƙan Ruma na zamanin yaƙe-yaƙe da Maraɗi, a yau kuma da 'yan bindiga da 'yan gudun hijira, amma ba a cika kallonta a matsayin ƙasar da ta fitar da mutanen da suka riƙe hukumomin zamani suka juya su ba. Mutum yana iya ganin tsige Balarabe zalunci ne, ni ma ina ganin jihar ta yi asara, ba tare da ya hana Ɗanmusa matsayinsa na ɗan siyasa mai lissafin kansa ba. Kuma ɗora masa alhakin aikinsa ya fi yi wa Balarabe adalci, domin ɗan aike ba a tuhumarsa.

Kujerar Kakakin ba ta daɗe ba. Mataimakin Balarabe, Abba Musa Rimi, ya ƙarasa wa'adin, Lawal Kaita ya hau a Oktoban 1983, ranar 31 ga Disamba kuma sojoji suka dawo ƙarƙashin Manjo Janar Muhammadu Buhari, mutumin Daura, suka rushe dukkan majalisun ƙasar, suka dakatar da sassan tsarin mulkin da suka kafa su. Nazarin da ya rage a yi shi ne na kundin zaman majalisar Kaduna daga 1979 zuwa 1981, a bi shi zama bayan zama, a ga inda Kakaki ya yi amfani da ikonsa na ba da dama ko hanawa, a kuma kwatanta da yadda wakilan Batsari da Safana suka jefa ƙuri'a a kan ƙudurorin kuɗi bayan soke jangali.